Sanarwar da Ta Kashe Kailu Mai Baro

Ba a ko yi sadakar bakwai ta Kailu mai baro ba aka wayi gari an sace na'urar naɗar shirye-shirye a Rediyon Zumunta.

Ruƙayya ce ta fara gani, ita da ke kula da na'urorin gidan. Ta buɗe ɗakin watsa shirye-shirye da safe, ta tarar da wayoyi suna reto daga saman kabad, baƙin akwatin da ke naɗe duk abin da aka faɗa a gidan kuwa babu shi babu alamarsa. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Kafin azahar labari ya gama unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, ya haye gada ya shiga Treichville, kowa da wanda yake zargi.

Rediyon Zumunta ƙaramin gida ne a saman wani bene, na jama'ar unguwa, dattawa ke riƙe da shi. Yana magana da Faransanci da Jula da Hausa, kuma a wajen 'yan dako da matan da ba su yi boko ba, abin da ya faɗa ya zauna. A shirin Hausa na wata safiya ne aka sanar cewa 'yan sanda suna neman Kailu mai baro ruwa a jallo kan satar wata yarinya a tashar Adjamé, duk wanda ya gan shi kada ya bari ya tsere. Kusa da mahaɗar Indénié aka gan shi, yana tura albasar wata mata. Bai ma san ana nemansa ba. Sanda 'yan sanda suka ƙwace shi daga hannun mutane, fuskarsa ba ta ganuwa. Ya cika a asibiti washegari. Yarinyar kuwa tun yammacin ranar aka same ta a gidan gwaggonta, lafiya ƙalau.

'Yan sanda suka ce su shaida suka nema, domin Kailu ne ya ga wadda ta tafi da yarinyar. Hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo ta aiko a kai mata abin da aka naɗa a safiyar. Kafin a kai, akwatin ya ɓace.

* * *

Dattawa ba su so ɗan sanda ya sake hawa benen nan, don haka suka aika aka kira Baballe.

Baballe mutumin ƙasar Adar ne. Da ƙuruciya sawun shanun sata yake bi, har wani fari ya cinye shanun ya koro shi kudu. A Abidjan ya koma bin sawun kaya. In buhu ya ɓata tsakanin motar Niamey da ta Bamako, ko akwatin matafiyi ya yi ƙafa, shi ake nema. Yanzu ya manyanta, gemu ya yi fari, amma idon bai dushe ba.

Shugaban gidan, Abdurrashid, haifaffen Abidjan ne, Hausarsa rabi Faransanci. Ya tarbi Baballe yana ta share gumi, ya ce makulli uku ne ga ɗakin: nasa, da na Ruƙayya, da wanda ke rataye a ofishin kwamitin dattawa, wanda ba a tuna ranar da aka taɓa shi ba. Ya rage murya ya ce shi dai Ruƙayya yake zargi, don sun daɗe ba sa shiri, kuma ta sha cewa gidan nan wata rana zai kashe mutum.

Baballe ya ce a bar shi shi kaɗai.

Dardumar ɗakin ba ta gaya masa komai ba, an tattake ta tun safe. Ya duba wayoyin: ba yanka su aka yi ba, kuma ba cire su aka yi yadda mai sani zai cire ba. Fizge su aka yi, har bakin ɗaya ya karye. Kabad ɗin ya fi tsawon matsakaicin mutum. Ya waiwaya yana neman abin da aka taka, ya ga wata kujerar roba a lungu, wadda ba a zama a kanta saboda ƙura. Ya jawo ta gaban taga ya karkata ta ga haske.

Sawu na nan, ƙafar hagu, babu takalmi. Babban mutum ne, mai nauyi, wanda ya dafa bango kafin ya hau, ga shatin tafinsa a fenti. Diddige ya fito sarai. Yatsu uku suka fito. Inda ya kamata ƙananan biyun su kasance, ƙura na kwance ba a taɓa ta ba.

Baballe ya daɗe yana kallo. Ɓarawo ba ya cire takalmi kafin ya taka kujerar mutane. Ya ce wa kansa ƙura ba kullum take ɗaukar yatsu duka ba, mutum na iya karkata ƙafa. Ya ɗora kujerar a kan kabad, ya ce wa Abdurrashid kada kowa ya taɓa ta.

* * *

Ruƙayya ba ta jira ya tambaye ta ba. Ta ce ta san abin da shugaba ya gaya masa. Da ta ga idonsa na kan ƙafarta, sai ta miƙa ta ta nuna masa takalminta, ƙarami kamar na yarinya, ta ce in da ita ce, a tsanake za ta kwance wayoyin, don ita ta ɗaura su.

Ya tambaye ta yadda sanarwa ke bi kafin ta kai kunnen mutane. Ta yi murmushin takaici. Ta ce a ƙa'ida mutum biyu ke tantance kowace fassara: shugaba ya duba Faransancin, Malam Mishari na kwamitin dattawa ya duba Hausar. Amma shugaba ba ya iya karanta Hausa, Malam kuma sai a yi wata bai duba takarda ko ɗaya ba, sai dai sunansa da ake ambata a ƙarshen shiri. Yawanci Faruk mai gabatarwa ne ke fassara a tsaye, makirfo a buɗe.

A safiyar da aka yi sanarwar ita ba ta nan, ta kai mahaifiyarta asibiti. Ta kunna na'urori ta bar wa Faruk.

"Tonton, akwai abin da mutane ba su sani ba," in ji ta, tana kiransa kawu da Faransanci. "Akwatin nan ba abin da ya fita a iska kaɗai yake naɗewa ba. Ko waƙa aka sa ana hira a ɗaki, yana ɗauka. Na faɗa a taron kwamiti ranar da hukuma ta aiko. Washegari ya ɓace."

Ya tambaye ta su wa ke wurin taron. Ta lissafa masa. Ya yi mata sallama ya sauka.

* * *

A tasha wani labari ya tarar. 'Yan dako sun haƙiƙance Abubakar Sadiq ne, mai bayar da hayar baro, wanda suka yi cacar baki da Kailu kan wurin tsayawa, har ya ce sai ya ga bayansa. Aka ce shi ya kai sunan Kailu rediyo, shi kuma ya sa aka ɗauke akwatin. Baballe ya ji daɗin wannan labari fiye da yadda ya kamata, ya kuma bi shi da ƙarfinsa. Ya yini yana zagaya tsakanin motoci da masu yankan tikiti, ruwan sama na dukansa.

Ya samu Abubakar Sadiq a bayan wani shago, ya rame, yana tsoron fitowa. Mutumin ya rantse cewa ranar sanarwar yana can garin Bouaké, direbobi biyu kuma suka shaida. Ya ce shi ya ɗauki makarar Kailu a gaba, kuma tun ranar bai iya cin abinci ba. Baballe ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa cikin silifa. Yatsu goma cif.

Daga nan ya wuce gidan mamacin, ɗaki ɗaya a wani tsakar gida mai haya da yawa. Delu, matar Kailu, na zaune a tabarma cikin takaba, 'ya'yanta biyu sun lafe a jikinta. Ta ce da kunnenta ta ji sanarwar tana wanke-wanke, ta fita a guje ba mayafi, ba ta san inda za ta nufa ba. Ta ce har yanzu akwai matan gidan da ke janye 'ya'yansu in nata sun fito wasa.

"Baba, ni ba na neman a ɗaure kowa," ta ce. "Bakin da ya ce ɓarawo ne, shi nake so ya ce ba ɓarawo ba ne. Da Hausa, yadda suka faɗa. Su kira sunansa."

Baballe ya ce zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya fito yana jin nauyin maganar a wuyansa.

* * *

Faruk ya ɓuya a gidan mahaifiyarsa a Treichville, a wani layi da manyan motocin tashar jiragen ruwa ke wucewa suna girgiza bango. Saurayi ne dogo, mai muryar da 'yan mata ke so, amma Baballe ya same shi a ƙudundune, idanu sun faɗa. An dakatar da shi daga aiki, kuma an aiko masa cewa kada ya kuskura ya taka Adjamé.

Da farko cewa ya yi laifinsa ne shi kaɗai. Ya maimaita har sau uku, kamar wanda aka biya wa karatu. Baballe ya bar shi ya gama, sannan ya ce ya faɗa masa sanarwar kamar yadda ya karanta ta. Faruk ya faɗa. Baballe ya tambaye shi mene ne ruwa a jallo.

Faruk ya ce ruwa ne a cikin wani abu.

"Ɗana, kai ko ƙidaya ka tashi yi da Faransanci kake yi. Wa ya sa maka wannan magana a baki?"

Mahaifiyar, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce Faruk ya tuna wanda ya koya masa Fatiha. Faruk ya dube ta, ya dubi ƙasa, sai hawaye. Ya ce a safiyar akwai wani babba a ɗakin, ya zo yin wa'azinsa na mako. Takardar komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ta iso ana cikin waƙa. Shi Faruk ya karanta, ya ce témoin aka rubuta, wato wanda ya gani da ido, amma kalmar Hausar ta ɓace masa. Babban ya karɓe zancen ya ce Turawa ne ke lulluɓe magana, ɗan sanda ba ya neman mutumin kirki a rediyo, mutanenmu kuma sai an fito musu fili. Ya shifta masa, ya ce ya karanta haka nan.

"Na ce masa ba haka ba ne, Tonton. Sau biyu na ce. Ya ce yaushe na fara gyara masa Hausa."

Baballe bai tambayi sunan ba, Faruk ma bai faɗa ba.

* * *

La'asar ta samu Baballe a masallacin Malam Mishari, a sahun farko, inda ya saba tsayawa.

Malam Mishari ne ya tsince shi a tasha shekarun baya, ba shi da kowa, ya ba shi wurin kwana a zaurensa, ya tsaya masa har ya yi aure. Shi ya raɗa wa 'ya'yansa suna, shi ya sallaci matarsa. Kafin ya zama malami dako ya yi a tashar jiragen ruwa, inda wata ganga ta faɗo masa a ƙafar hagu ta tafi da yatsu biyu. Baballe ya fi shekara ashirin yana ganin ƙafar nan a gabansa duk sujada. Tun a kan kujera ya gane ta. Yawon da ya yi a tasha cikin ruwa, neman wanda zai ƙaryata idonsa yake yi.

Bayan an sallame ya jira mutane suka watse. Ya durƙusa ya ce, Allah gafarta Malam, ya ga sawu a ɗakin rediyo, kuma zai fi so mai sawun ya yi magana da kansa kafin taron gobe.

Malam ya ci gaba da jan carbi. Ya ce ajali in ya zo ba ya rasa sanadi. Ya ce gidan rediyon nan da wahala aka same shi, in hukuma ta rufe shi Hausawan Abidjan sun rasa murya. Faruk yaro ne, zai samu wani aiki. Sannan ya tambayi lafiyar 'ya'yan Baballe, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

* * *

An yi taron a zauren kwamiti, ƙasan benen rediyo, bayan azahar. Dattawa suka zauna a kan darduma. Abdurrashid na gefe da wayarsa a hannu, Ruƙayya a bakin ƙofa, Abubakar Sadiq a rakuɓe. Faruk ma ya zo, 'yan dako biyu suka rako shi don kada a taɓa shi. Malam Mishari ne ya shigo a ƙarshe, ya sabunta alwala a famfon waje, ya tako simintin zauren da jiƙaƙƙun ƙafafu zuwa wurinsa.

Baballe ya fara da waɗanda ya wanke. Ya ce Ruƙayya ba ta fizgar wayar da ta ɗaura, Abubakar Sadiq ba ya gari, shugaba kuma dogo ne, ba ya bukatar taka komai. Ya sa aka sauko da kujerar, ya ajiye ta a tsakiya inda haske ke faɗowa. Ya ce duk mai ido ya matso ya ƙirga yatsu. Dattawa biyu suka matso, suka ƙirga. Sai ya nuna musu siminti, inda sawun alwala bai gama bushewa ba, daga ƙofa har bakin darduma.

Babu wanda ya bi sawun da ido har ƙarshe. Kowa ya tsaya a rabi ya sunkuyar da kai.

Malam Mishari bai musa ba. Ya ce shi ya ɗauki makullin kwamiti, shi ya ɗauke akwatin, kuma yana ƙarƙashin ruwan lagun, tafkin nan da ya ratsa birnin, ya sake shi daga kan gada. Ya ce ya yi ne don ya rufa wa jama'a asiri.

"Malam, asirin wa?" in ji Ruƙayya daga bakin ƙofa. Wani dattijo ya ce mata ta iya bakinta.

Baballe ya ce ba akwatin ne ya dame shi ba. Ya faɗi abin da ya faru a ɗakin a safiyar, ya ce Faruk ya tashi ya tabbatar. Faruk ya tashi ya tabbatar. Baballe ya ce matar mamacin abu ɗaya ta roƙa: a hau rediyo a faɗa da Hausa cewa Kailu shaida ne ba ɓarawo ba, a kuma faɗi yadda aka yi kuskuren.

Malam ya ɗago ya dube shi a karo na farko. "A zaurena ka kwana, Baballe."

"Na kwana, Malam. Ban manta ba."

Aka ce waɗanda ba 'yan kwamiti ba su ba da wuri. Baballe ya tsaya a waje ƙarƙashin rumfa yana jin muryoyi na tashi suna sauka. Da aka kira su, mafi tsufan dattawan ne ya yi bayani. Ya gode wa Baballe. Ya ce za a shaida wa hukuma cewa ɓarayi sun shiga, ba a gano su ba. Malam zai ajiye aikin tantancewa saboda ciwon gwiwa. Faruk ba zai dawo ba, tunda muryarsa mutane suka ji. Za a haɗa wa iyalin mamaci abin da ya sawwaƙa. Gyara kuma za a yi, amma lauyan gidan ne zai tsara shi, don kada magana ta zama hujja a kotu. Aka shafa fatiha. Wani ya ɗauki tsumma ya goge kujerar, ya miƙa wa wani dattijo da ƙafarsa ta yi sanyi.

Ruƙayya ta ajiye makullinta a kan darduma ta fita. Baballe ya so ya je hukumar da kansa, har ya tambayi inda ofishinsu yake. Amma akwati na cikin ruwa, kujera ta goge, Faruk kuma mahaifiyarsa ta rantse in ya sake buɗe baki ba ita ba shi. Abin da ya rage maganar ɗan tasha ce a kan ta limami. Tun daga ranar ya koma salla a wani masallaci can bayan kasuwa, inda ba a san shi ba. Mutanen da ya nemo wa kaya shekara da shekaru suka riƙa amsa gaisuwarsa a taƙaice.

* * *

Da Delu ta fita takaba, 'yan'uwanta suka aiko ta koma gida. Baballe ya je tasha ya taya ta ɗaure kaya, ya samo mata wurin zama kusa da taga a motar Niamey. Suna tsaye ana loda buhuna, rediyon wani mai shayi na kunne a kan tebur. Bayan tallar maganin basir sai muryar Abdurrashid ta fito, da Faransanci, a gurguje. An sha karanta wannan gyara a watannin nan, kullum da Faransanci, Delu ba ta taɓa sanin da ita ake ba. Yau mai shayin ne ya nuna rediyon da cokali ya ce mata ga maganar mijinta nan.

Ta kasa kunne har aka gama, aka sa waƙa. Ta juyo ta tambayi Baballe me aka ce.

Ya yi tunanin ya ƙara wani abu daga bakinsa, don ta tafi da shi. Bai iya ba. Ya ce sun ce an samu tangarɗa a wata sanarwa da ta gabata, gidan rediyo yana ba masu sauraro haƙuri.

"Sun kira sunansa?"

"Ba su kira ba."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara goyonta, ta kama hannun babban, ta ce Allah Ya saka masa da alheri, ya yi abin da zai iya. Yaron mota na buga ƙarfe yana kiran fasinja. Ta hau, ta zauna a wurin da ya samo mata, ta ja labulen tagar ta rufe.